Ko Kun Sani? Karen Titi Sai da Rigakafi

Duk wanda ya tsinci kare a titi zai riƙe, ya fara kai shi wurin likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗaukarta. Wani zai ce ai lafiyarsa ƙalau, har wutsiya yake kaɗawa. To, cutar kan yi watanni a jiki ba alama, in ta bayyana kuwa da wuya a tsira. Don haka a yi masa allurar rigakafi. In ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.