Rubutun Ɓoye: Daga Kaisar Zuwa Wayar Hannu

Da yawa cikinmu mun taɓa yin zaurance domin kada na kusa ya gane zancenmu. Wannan dabara ta ɓoye magana tsohuwa ce ƙwarai, sarakuna da sojoji kuwa sun daɗe suna yin irinta a rubuce.

Yuliyas Kaisar na Roma yakan rubuta wa shugabannin sojojinsa wasiƙa yana tsallake haruffa uku. Idan muka bi jerin haruffan Turanci, A takan zama D, B kuma ta zama E. Ta haka MAKARANTA sai ta koma PDNDUDQWD. Adadin tsallaken, wato 3, shi ne mabuɗi.

A ƙarni na 9 wani masani a Bagadaza, Alkindi, ya bayyana yadda ake warware irin wannan rubutu. Kowane harshe yana da harafin da ya fi yawan fitowa. A Hausa, A ce. Mu sake duban PDNDUDQWD: D ta fito sau huɗu, saboda haka muna iya zaton ita ce A. Daga nan sauran ya zo da sauƙi.

A Yaƙin Duniya na Biyu (1939 zuwa 1945) Jamusawa sun dogara ga wata na'ura mai suna Enigma, wadda ke sauya tsarinta bayan kowane harafi. Tun 1932 wani masanin lissafi ɗan Poland, Marian Rejewski, ya gano yadda take aiki. Daga baya Alan Turing da abokan aikinsa a Bletchley Park, Ingila, suka ci gaba. Na'urar ba ta taɓa barin harafi a yadda yake ba, masu aika saƙo kuma sukan maimaita kalmomi ɗaya kullum a rahoton yanayi. Waɗannan kafofi ne suka tona asirinsu.

A 1977 masana uku a Amurka suka fito da tsarin RSA. Ninka 89 da 97 a sami 8633 abu ne mai sauƙi, amma a ba mutum 8633 a ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya yi gumi. Idan lambar ta kai ɗaruruwan alƙaluma, ko kwamfuta ba ta iya warware ta a tsawon rayuwar mutum.

Yau irin wannan lissafi ne ke tsare kuɗin makaranta da iyayenmu ke aikowa ta banki, da saƙonninmu na WhatsApp. Amma ɓarawo ba ya wahalar fasa ƙofa idan an miƙa masa mabuɗi. Saboda haka kada mu ba kowa lambar sirri ta katinmu, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Kada kuma mu zaɓi shekarar haihuwarmu ko 1234.

Ga wasa ƙwaƙwalwa na hutu. Mun canja adadin tsallaken, sai ku nemo shi: YXFWJ FRFSF.