Me ya sa tsofaffin kwamfutoci ke mutuwa a zafin Sennar?

A Maiwurno da sauran ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu a yankin Sennar, zafin bazara kan haura digiri 40. Abin da ya fi jigata a akwatin wutar tsohuwar kwamfuta shi ne kafasita, ɗan gwangwanin da ke daidaita wuta. Akwai ruwa a cikinsa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 kan rage kwanansa da kusan rabi.

Alamar lalacewarsa: kansa ya kumbura ko ya yi yoyo. Mai gyara zai cire filogi, ya sauke ragowar wutar domin tana iya kisa, ya narka dalma ya sa sabo mai awo ɗaya, mai jure digiri 105. Kada ya juya ƙafafunsa, domin zai iya fashewa.