Waswasin Furta Zunubi: Ciwon da Ke Ɓuya a Cikin Ibada

 Yau zan fara da labarin wani ɗan ɗakinmu a jami'a, ɗan ɗarikar Katolika. Ranar Asabar zai je coci ya furta zunubansa a gaban fada, kamar yadda addininsu ya tsara. Kafin ya iso hostel hankalinsa ya tashi: anya ya faɗi komai? Sau uku ya ce, ko sau huɗu ne? Anya fada ya ji shi da kyau? Washegari Lahadi sai ya ƙi tashi karɓar tarayya mai tsarki, yana tsoron kada ya ƙara laifi a kan laifi. A lokacin mu dai cewa muke yi yaron akwai tsoron Allah. Sai daga baya na gane ciwo ne yake cinsa.

Wanda ya taɓa ganin mai sake alwala sau biyar ko mai tayar da kabbara yana warwarewa ya san abin da nake nufi. Waswasi ne. A wurin Katolika yakan fi kama mutum ta wajen furta zunubi, domin nan ne ake tambayarka ka binciki zuciyarka. Sunan da cocin ke kiransa da shi ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ɗan tsakuwa mai tsini, irin wanda ke shiga takalmi. Ƙarami ne, amma ba ka tafiya cikin kwanciyar hankali.

Abin da ya ba ni mamaki da na yi karatu a kai shi ne manyan waliyyansu ma sun sha fama. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya shiga wannan hali a garin Manresa na ƙasar Sifaniya a 1522. Ya riga ya kwashe kwana uku yana rubuta zunuban rayuwarsa ya furta su, amma zuciyarsa ta ƙi yarda cewa ya gama. Ya yi ta komawa. Abin ya kai har tunanin kashe kansa ya zo masa, ya kuma yi mako guda bai ci abinci ba, sai da fadan da yake furta wa ya umarce shi ya ci. Ya samu sauƙi ne ranar da ya yanke shawarar ba zai ƙara furta abin da ya wuce ba. Ita ma Thérèse ta Lisieux a Faransa, tana 'yar shekara 12 abin ya kama ta a 1885, ta yi kusan shekara ɗaya da rabi a ciki.

To me koyarwar cocin ta ce? Kafin zunubi ya zama babba, irin wanda dole a furta, sai abu uku sun haɗu: aikin kansa ya kasance mai nauyi, mutum ya san haka sarai, kuma ya aikata da cikakken nufinsa. Mugun tunanin da ya faɗo maka a tsakiyar addu'a, kai ma kana ƙyamarsa, ina nufi a nan? Haka kuma wanda ya yi furci da gaskiya ya manta wani abu ba da gangan ba, an gafarta masa; idan ya tuna babban abu ne, ya ambata a zuwa na gaba, shi ke nan. Kuma abin da doka ta wajabta tun taron Lateran na 1215 shi ne sau ɗaya a shekara. Zuwa fiye da haka abu ne mai kyau, amma babu wanda ya ɗora wa kowa zuwa kullum.

Matsalar fa, mai waswasi ya san duk wannan. Wani ma ya fi ka haddace shi. Sake furcin yana ba shi sanyi na awa ɗaya ko biyu, sai shakkar ta dawo da ƙarfinta, ya sake komawa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar irin wannan a matsayin wani nau'i na OCD, ciwon da tunani ke maƙale wa mutum ya tilasta masa maimaita wani aiki. Maganin da suka fi dogara da shi shi ne a horar da mutum a hankali ya zauna da shakkar ba tare da ya maimaita ba, har ƙwaƙwalwa ta saba. Wani lokaci a haɗa da magani.

A nan ne nake ganin limamai sun riga likitoci. Alphonsus Liguori, ɗan Italiya da ya kafa ƙungiyar Redemptorist a 1732, shi ma ya yi fama da shi, kuma shawararsa ita ce mutum ya riƙe fada guda, ya bi abin da ya ce, ya daina yawo daga coci zuwa coci yana neman wanda zai sake tabbatar masa. Har yau haka ake ba da shawara: ka gaya wa fadan kai tsaye cewa kana da waswasi, ku tsayar da lokacin zuwa, abin da kake shakka a kai ka bar shi, wanda aka riga aka furta kada a tono shi.

Mu abokai kuma muna da namu laifin. Duk sanda ɗan ɗakin nan ya tambaye ni "kana ganin wannan zunubi ne?", sai in ce a'a, ina ganin taimako nake yi, ashe wutar nake ƙara wa itace. Da na sani, da cewa zan yi: ka riga ka tambayi fada, ba zan amsa ba, zo mu je mu ci abinci. Idan kuma ka ga barci ya ƙaurace masa, karatu ya tsaya, ko ya fara maganar mutuwa, kada ka jira. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. Ka raka shi da ƙafarka, don da wuya ya je shi kaɗai.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.