An Yi Miki Aiki a Haihuwar Baya: Wannan Karon Naƙuda Ko Tiyata?

Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a wani ƙauye kusa da Kusada, aiki aka yi mata a haihuwar fari. Ta kwana ta wuni tana naƙuda a ɗaki kafin a sa ta a mota, da aka isa asibiti aka tarar yaron a gicciye yake. An ciro shi da rai, ita ma ta tashi. Da ciki na biyu ya kai wata bakwai sai ta daina zuwa awo. Na tambaye ta dalili, ta ce: "Yaya, in na koma yanka ni za su sake yi. Ai an ce wadda aka yi wa sau ɗaya, shi ke nan har ta gama haihuwa." Surukarta ma ta goya mata baya, don a wurinta mace ba ta haihu ba sai ta durƙusa da kanta.

Wannan magana ba a Kusada aka ƙago ta ba. Wani likitan Amurka mai suna Edwin Cragin ne ya faɗe ta a birnin New York a 1916, zamanin da ake tsaga mahaifa a tsaye, daga sama, inda tabon ke saurin buɗewa idan naƙuda ta yi ƙarfi. Yanzu kusan duk aikin haihuwa a kwance ake yin sa, a ƙasan mahaifa, kuma wannan tabon ya fi jure naƙuda nesa ba kusa ba. Shi ya sa likitoci suka daɗe da sauka daga kan maganar Cragin. Mu ne muka riƙe ta, har tana korar mata daga asibiti.

Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Ingila, a ƙa'idojin da ta fitar a 2015, ta ce cikin mata 100 da aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya aka kuma bar su suka gwada naƙuda, 72 zuwa 75 suna haihuwa da kansu. Idan macen ta taɓa haihuwa da kanta, kafin aikin ko bayansa, adadin ya kan kai 85 zuwa 90. Haɗarin da ake tsoro shi ne fashewar mahaifa a wurin tsohon ɗinki, kuma yana samun kamar mace 1 cikin 200.

Sai dai 'yar uwa, ki lura da inda aka tattara waɗannan alƙaluma. Asibitoci ne da ake sauraren bugun zuciyar jariri tun farkon naƙuda har ƙarshenta, ga ɗakin tiyata a kusa, ga jini a ajiye. Idan tabo ya fara buɗewa, alamar farko yawanci ba uwa ce ke jin ta ba. Bugun zuciyar jariri ne ke canzawa. A ɗakin suruka babu mai jin wannan. Kafin ciwon da ba ya lafawa tsakanin naƙuda da naƙuda ya bayyana, ko jini ya ɓalle, ko naƙudar ta tsaya cak, ko jiri ya ɗebe ta, lokaci ya riga ya ƙure. A irin wannan hali mintoci ake ƙirgawa. Yanzu ki lissafa: neman mota da tsakar dare a Mawashi ko Kofa, hanyar ƙauye a damina, sannan a hau titi zuwa Kankia. Ga mace mai tabo a yankinmu, tambayar "a ina zan haihu" ta riga tambayar "ta yaya zan haihu".

Ƙananan asibitocin matakin farko suna da amfani wajen awo, amma ba don tiyata aka gina su ba. Mai tabo tana buƙatar inda za a iya shiga da ita ɗakin aiki a kowane lokaci: babban asibiti irin na Kankia, ko kuma Katsina, inda akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Wasu kan nufi Kano, tunda titin ya ratsa yankin. Duk wanda kika zaɓa, ki tambaya tun a awo ba tare da kunya ba: likita yana kwana? Akwai jini? Idan naƙuda ta ƙi ci gaba da ƙarfe biyun dare, wa zai yi aikin?

Waɗanda ba a barinsu su gwada

Akwai matan da zaɓin ya riga ya rufe a kansu. Wadda aka tsaga wa mahaifa a tsaye, wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, wadda mabiyiya ta sauko ta tare ƙofa, da wadda jaririnta ya sake kwanciya a gicciye, aiki ne kawai. Wadda aka yi wa aiki sau biyu ko fiye ma, a asibitocinmu yawanci ranar tiyata ake sa mata. Idan babu wata matsala, ana sa ranar ne a mako na 39, don huhun jariri ya gama ƙwari kuma a riga naƙuda.

Abin da ke ruɗa mata da yawa shi ne tabon fata. Kina iya ganin naki a tsaye daga cibiya zuwa mara, alhali na mahaifa a kwance yake. Na ciki shi ne abin dubawa, kuma ido ba ya ganinsa. A takardar aikin farko yake rubuce, tare da dalilin da ya sa aka yi aikin. Dalilin ma yana da muhimmanci. Jijjiga, kwanciyar gicciye ko tahowa da ɗuwawu abubuwa ne na wancan cikin, ba lallai su maimaitu ba. Amma idan an ce kan yaro ne ya ƙi wucewa ta ƙugu bayan doguwar naƙuda, likita zai ƙara yin taka-tsantsan. Don haka katin nan da kika jefa ƙasan akwati, ki nemo shi.

To me zai hana kowa ta zaɓi aiki ta huta da fargaba? A Turai, inda mace ke haihuwa biyu ta tsaya, wannan shawara ba ta da tsada sosai. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi, adadin da ya fi na kowace jiha a lokacin. Kowane aiki yana barin wani tabon a kan na baya, hanji da mafitsara su riƙa mannewa, aiki na gaba ya fi wahala. Mafi muni shi ne mabiyiya ta dasa kanta a kan tsohon ɗinki ta ƙi fita bayan haihuwa, jini ya yi ta zuba har a kai ga cire mahaifa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2006 ya nuna cewa idan mabiyiya ta tare ƙofa, haɗarin ta manne kashi 11 cikin 100 ne a aiki na biyu, 40 a na uku, 61 a na huɗu. Yarinyar da aka yi wa aikin fari tana da shekara 18, haihuwarta ta biyu ce za ta buɗe mata hanya ko ta rufe. Idan ta haihu da kanta, haihuwa ta uku da ta huɗu sun yi sauƙi. Idan aka sake aiki, da wuya ta ƙara durƙusawa. A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi na gwada naƙuda ga wadda ta cancanta, kuma shi ne ba a cika zama a yi wa mata bayaninsa ba.

Haɗarin dai hawa-hawa ne. Mafi sauƙi shi ne naƙudar da ta ƙare da haihuwa lafiya. Sai aikin da aka shirya aka sa masa rana. Mafi haɗari shi ne aikin gaggawa bayan an sha wahala, musamman wadda aka kawo daga gida a galabaice. Ke nan mai gudun asibiti don tsoron wuƙa, mafi munin wuƙar take tunkara.

Abubuwa biyu suna ƙara wa tabo rauni. Na farko kwanika: cikin da ya shiga kafin ɗinki ya gama warkewa, har haihuwar ta zo ƙasa da wata 18 bayan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar tazarar shekara 2 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, wanda bai yi nisa da lokacin yaye na iyayenmu ba. Na biyu shi ne tayar da naƙuda da magani, wanda ke ninka haɗarin fashewa sau biyu zuwa uku ko da a asibiti ne. Ina ga allurar naƙuda da wani zai zo ya yi a gida, ko ƙwayar misoprostol daga kemis, ko jiƙon da ake cewa yana saukar da haihuwa, ko a danna ciki da hannu? Mai tabo ba a yi mata ko ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da ke cikin zuciyar maigida idan ya ce a bari a gani. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka sa cikin shirin. Ku tambaya tun da wuri ko asibitinku yana ciki da yadda ake yin rajista. Ku kuma tafi awo tare ko sau ɗaya, ya ji bayanin daga bakin likita, a san wanda zai sa hannu idan ya yi tafiya.

'Yar uwata dai ta koma awo, bayan mijinta ya ji cewa ba a riga an yanke mata hukuncin aiki ba. Hoton ciki ya nuna kai a ƙasa, mabiyiya a sama, tsakanin haihuwar biyu kuma kusan shekara uku. Da wata tara ya kama sai ta tare gidan gwaggonta a cikin gari kamar mai goyon ciki, aka gwada jinin ƙannen mijinta biyu aka ajiye lambobinsu. Naƙuda ta fara bayan la'asar, kafin magariba tana kan gadon asibiti da robar ruwa a hannu, ana sauraren cikin a kai a kai. Ta haifi mace kafin asuba. Surukar ce ta fara karɓar jaririyar, ƙannen mijin kuma suka koma gida da jininsu.