Ka San Uwar Tsutsar Kaɗa

Manomi, tsutsar da ke huda ƙwallon kaɗarka ba daga sama take faɗowa ba. Uwarta ita ce faɗa-wuta, wadda ke kewaya fitila da dare. Da rana takan laɓe cikin ganye. Ga iri 3 da ya kamata ka gane.

1. Babbar. Launinta kamar busasshiyar ciyawa, bakin fukafukanta na baya baƙi-baƙi ne. Tana ajiye ƙwai fari, ɗai-ɗai, a bisa toho, bai kai ƙwayar gero ba. Wajen kwana 3 sai ya ƙyanƙyashe. Tsutsarta takan sa kai cikin ƙwallo, sauran jiki a waje.

2. Mai ja-ja a fukafukai. Ƙwanta shuɗi-shuɗi ne. Tsutsarta na da jan zane a baya, kamar kan kibiya. Takan shige cikin ƙwallo ta cinye shi sarai.

3. Ƙaramar, mai fukafukai tsanwa. Tsutsarta ƙaya-ƙaya ce a jiki. In ka ga kan kaɗa ya yi yaushi ya sunkuya, aikinta ne. Kuɓewa ma tana ci.

Daga fara fure, shiga gonarka da sassafe kowane mako, ka duba toho da ganye. In ka ga ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, gaya wa malamin gona ran nan. Tsutsa in ta shige ƙwallo, magani ba ya iske ta.

Bayan tsinka, tumɓuke itacen kaɗa duka ka ƙone.