Kuɗin ɗaki na nan daram, awoyin jirgi sun ragu: abin da ya sami baƙin Disney a Amurka

A shekarar 2011 kamfanin Disney, mai babban dandalin wasanni da shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta ƙasar Amurka, ya fitar da wata ƴar sanarwa wadda a ido ba ta taka kara ta karya ba. Sanarwar ta ce daga ranar 11 ga watan Yuli, jirgin nan mai tafiya a sama kan dogo ɗaya, wanda suke kira monorel, zai riƙa ajiye aiki awa 1 bayan an rufe lambun Epcot ga jama'a, sannan daga ranar 1 ga watan Agusta a yi haka a layukan da ke zuwa lambun Magic Kingdom. To sai dai a wancan lokaci akwai wata alfarma da kamfanin ke yi wa mutanen da suka sauka a otal-otal ɗinsa, wato a wasu ranaku ana barin su su ci gaba da wasa har awa 3 bayan kowa ya watse. Ke nan wanda ya tsaya ya ci moriyar alfarmar har ƙarshe, zai fito ne ya tarar jirgin da ya kawo shi ya yi awa 2 da shiga gareji.

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, mu da ke fama da kuɗin mota tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, duk wanda ya taɓa zama a rumfar hatsi ya san hanya biyu ce ake ƙara wa kaya tsada. Ko dai a faɗi sabon farashi kowa ya ji, a yi ciniki a rabu lafiya, ko kuwa a bar farashi yadda yake a buga wa mudu gindi. A ganinmu, rage awoyin sufuri a wuri irin wannan buga wa mudu gindi ne, illa dai su a can ba da guduma ake yi ba, da takardar jadawali ake yi.

Kafin a gane nauyin abin, sai an san girman wurin. Walt Disney World, wanda aka buɗe ranar 1 ga watan Oktoba na 1971, fili ne da ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, wato gari ne sukutum. A cikinsa akwai manyan lambunan wasa 4: Magic Kingdom da aka fara da shi, sai Epcot a 1982, sai wanda ake kira Hollywood Studios yanzu a 1989, sai na namun daji, Animal Kingdom, a 1998. Haka zalika akwai otal sama da 25 mallakar kamfanin a warwatse cikin filin, tsakaninsu akwai manyan tituna da tafkuna da fadamu. Mafi yawan otal ɗin nan ba a iya taka ƙafa daga cikinsu zuwa wurin wasa. Saboda haka kamfanin ya kafa tasoshinsa da kansa: ɗaruruwan motocin bas, jiragen ruwa manya da ƙanana, jirgin monorel mai layi 3 da tsawonsu ya haura kilomita 23, sannan tun watan Satumba na 2019 aka ƙara da Skyliner, wasu akwatuna masu rataye a jikin waya da ke ɗaukar mutane ta sama.

Duk waɗannan ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofarsu, shi ya sa ake ce musu kyauta. Amma man bas ba ruwan rijiya ba ne, direba kuma ba sadaka yake yi ba. Kuɗinsu na cikin kuɗin ɗaki da na tikitin shiga. Shekara da shekaru kamfanin na jawo baƙi da cewa su sauka a wurinsa su manta da hayar mota, shi zai ɗauko su ya kuma maido su. Mutum ya yarda, ya biya ɗaki da tsada fiye da na otal ɗin da ke wajen filin, ya zo ba shi da mota. Daga ranar da ya sauka, ƙafarsa na hannun mai gida.

Lambun Magic Kingdom kuwa ya fi kowane nuna wannan. Waɗanda suka tsara shi da gangan suka haƙa tafki a gabansa, suka kai filin ajiye motoci can tsallake, nisan fiye da kilomita 1, don mai zuwa ya hango fadar daga nesa yana cikin jirgi. Kyan gani kam akwai shi. Amma ma'anarsa ita ce, ko motarka ka zo da ita, ko tasi ka hau, a tsallake za a ajiye ka, kuma sai jirgin kamfani ya fitar da kai ya dawo da kai. Da dare bayan wasan tartsatsin wuta, dubban mutane ne ke tuttuɗowa ta ƙofa ɗaya a lokaci guda, kowa na neman abin hawa.

Waɗanda sanarwar 2011 ta fi ƙona wa rai su ne baƙin otal 3 da jirgin ke tsayawa a ƙofarsu, wato Contemporary, wanda jirgin ke ratsawa ta tsakiyar gininsa, da Polynesian, da kuma Grand Floridian. Waɗannan suna cikin mafi tsada a filin baki ɗaya, kuma babban abin da ake saye da wannan tsadar shi ne jirgin. Gaskiya ne kamfanin bai bar kowa ya kwana a titi ba, ya sa bas da jiragen ruwa su maye gurbi. Amma wanda ya ce bas da monorel duk ɗaya ne bai taɓa fita da yara uku da dare ba. A monorel uwa na iya tura keken jariri ta shiga da shi yaro na barci. A bas dole ta tashe shi, ta sauke kaya, ta naɗe keken, ta hau da shi a hannu, wataƙila ma a tsaye za ta yi tafiyar. Mai keken guragu shi ma haka: yawancin bas ɗin kekuna 2 kawai suke ɗauka, sai direba ya sauko ya ɗaure kowane da bel, idan ka zo na uku sai ka jira wata motar. Matashi mai jini a jika da ke Contemporary zai iya takawa a ƙasa cikin minti 10. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta wuni tana yawo tun safe ba za ta iya ba. Mafi yawan irin waɗannan iyalai abin da za su yi a bayyane yake: su tattara su bar wurin wasa da wuri don kada jirgi ya tafi ya bar su, alfarmar awa 3 ta koma awa 1 ba tare da kowa ya soke ta a rubuce ba.

Kada mu ci zalin kamfanin, yana da hujjarsa. Dalilin da ya bayar shi ne ana bukatar lokacin gyara da duba jiragen, kuma wannan magana ce da duk mai motar haya zai gane. Jiragen nan 12 ne, an fara sa irinsu a aiki tun 1989, kuma a ranakun alfarma sukan fara tun da asuba su kai har bayan tsakar dare. Motar da ba ta kwana a gareji, wata rana a hanya za ta kwana. Ba kuma abin wasan yara ba ne: ranar 5 ga watan Yuli na 2009, wajen ƙarfe 2 na dare, jirage biyu sun yi karo a babbar tasha yayin da ake sauya wa ɗaya layi, direba ɗaya ɗan shekara 21 ya rasu. Babu mai hankalin da zai ce a fifita jin daɗin baƙo a kan ransa. Inda muke da ja shi ne, idan har gyara ya zama dole, to wa ya kamata ya ɗauki asarar? Mutanen da suka kama ɗaki tun watanni kafin sanarwar, da tsohon alkawari suka biya.

Abin da ya faru a 2011 ɗanɗano ne idan aka kwatanta da na 2020. Annobar korona ta sa an rufe lambunan a tsakiyar watan Maris, ba a sake buɗe su ba sai 11 da 15 ga watan Yuli. Da kasuwa ta ƙi ci, daga ranar 8 ga watan Satumba sai aka datse awoyin wasa: Magic Kingdom ya koma rufewa ƙarfe 6 na yamma maimakon 7, Epcot ƙarfe 7 maimakon 9, Animal Kingdom kuma aka cire masa awa 1 da safe, awa 1 da yamma. Tun da ƙa'idar kamfanin ita ce bas su fara aiki kimanin minti 45 kafin buɗe lambu su kuma tsaya kimanin awa 1 bayan rufewa, duk awar da aka yanke wa lambu an yanke wa sufuri ita. Ga shi kuma saboda ba da tazara, kowace mota mutane kaɗan take ɗauka, layi ya ƙara tsawo. Tikitin wuni ɗaya kuwa bai sauko daga dala 109 da yake farawa ba. A ƙarshen wannan watan ne kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000 daga sashensa na wuraren shaƙatawa a Amurka.

Annoba kowa ta shafa, ba za mu ɗora wa kamfani laifinta ba. Abin lura shi ne yadda abin da aka janye a rana ɗaya ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Layin monorel na Epcot bai sake motsi ba sai ranar 18 ga watan Yuli na 2021, shekara guda cur bayan buɗe lambun. Jerin ƙananan motocin da ke kwaso mutane daga filin ajiye motoci zuwa bakin ƙofa sun dawo Magic Kingdom a watan Disamba na 2021, Animal Kingdom a watan Mayu na 2022, amma baƙin Epcot da Hollywood Studios sun ci gaba da takawa cikin zafin Florida har watan Satumba na 2023, alhali jama'a sun daɗe da cika wurin. Tsohuwar alfarmar ƙarin awoyi ita kam ba ta dawo yadda take ba. A watan Oktoba na 2021 aka maye gurbinta da shiga minti 30 kafin kowa da safe, ƙarin awoyin dare kuma aka keɓe wa masu sauka a manyan otal masu tsada. Talakan baƙi, mai ƙaramin ɗaki, ya rasa darensa.

Sai babbar. Tun 2005 kamfanin na da wasu bas da ake kira Magical Express, masu ɗauko baƙi daga filin jirgin saman Orlando, tafiyar kimanin kilomita 30, su kai su otal, ranar komawa su maido su, ba tare da an biya komai daban ba. A farkon watan Janairu na 2022 aka dakatar da su gaba ɗaya. Kamfanin Mears, wanda dama shi ke tuƙa motocin da kwangila, sai ya buɗe nasa mai suna Mears Connect, inda a farko babba ke biyan dala 32 zuwa da dawowa, yaro dala 27. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. Miji da mata da yara biyu dala 118 ke nan, idan aka ɗauki dala a kan sefa 600 ya haura jika 70. Hanya ɗaya, filin jirgi ɗaya, kamfanin mota ɗaya, amma abin da jiya ke cikin kuɗin ɗaki yau ya koma lissafi daban. Wanda kuma ya ce to bari ya yi hayar mota ya huta, sai ya tarar tun watan Maris na 2018 an fara karɓar kuɗin kwanan mota a otal, a farko dala 13 zuwa 24 a kowane dare gwargwadon darajar otal ɗin. Ga wanda ba ya son jiran bas, akwai motocin kamfanin da ake kira Minnie Van tun 2017, amma su da kuɗi ake hawa. Mu dai a kasuwa idan mutum ya toshe hanyar kyauta ya buɗe ta kuɗi a gefenta, mun san sunan abin.

Kukan masu saye bai tafi a banza ba duka. Bayan an sauke shugaban kamfanin Bob Chapek a watan Nuwamba na 2022 aka dawo da Bob Iger, cikin abubuwan farko da aka yi akwai soke kuɗin kwanan mota a otal, ranar 10 ga watan Janairu na 2023. Shekara guda bayan haka aka ɗage dokar da ta hana mai tikitin lambu biyu tsallakawa daga wannan zuwa wancan kafin ƙarfe 2 na rana.

A cikin masu karanta mu akwai waɗanda ke zuwa saro kaya a Dubai da Guangzhou, kuma su wannan labari ba baƙo ba ne a wurinsu. A lokacin babban baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara, otal da yawa na jawo fatake da cewa suna da motar da ke kai baƙi filin baje koli ta dawo da su. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a tura kuɗin ɗaki, a nemi otal ya rubuto ƙarfe nawa motar farko ke tashi, ƙarfe nawa ta ƙarshe ke barin filin, kuma shin kullum take aiki ko a wasu ranaku. Ga mai niyyar kai iyali Orlando kuma, ya ƙara da tambayar ko akwai gyaran da aka tsara a ranakun da zai je, domin Skyliner an saba rufe shi na wasu kwanaki a watan Janairu don gyara, kuma ko a ranar da yake aiki, da zarar hadari ya taso da walƙiya ake tsayar da shi a tura kowa layin bas. A Florida kuwa, daga watan Yuni zuwa Satumba, da wuya la'asar ta yi ba a ji tsawa ba.