Likitocin Haƙori Masu Aikin Sa-kai: Ladan Baƙo da Haƙƙin Majinyaci

Duk shekara likitocin haƙori daga Amurka da Turai kan ɗauki hutu, su biya kuɗin jirgi daga aljihunsu, su tafi Gwatamala ko Haiti ko wata ƙasar Afirka su yi mako ɗaya ko biyu suna aiki kyauta. Da yawansu coci ce ke tura su, wasu kuma ƙungiyoyin likitoci Musulmi. Idan sun dawo, maganar da suka fi yi ita ce tafiyar ta sabunta musu imani, ta koya musu godiya da ƙanƙan da kai. Ban ga dalilin ƙaryata su ba. Abin da nake cewa shi ne wannan ribar ta zuci ba ta tsayawa da ƙafarta. Sai an auna ta da halin da majinyacin ya shiga bayan jirgin baƙi ya tashi.

Buƙatar kam ba ta da musu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A irin zangon da baƙin nan ke yadawa, ajin makaranta ne ke zama asibiti: kujerar naɗewa, tocila a goshin likita, kayan aiki suna tafasa a tukunya, layi ya miƙe tun asuba. Ga mace kuncinta ya kumbura, turmin haƙorinta ya ruɓe har saiwa, ta yi makonni ba barcin kirki. A yi mata allurar kashe zafi, a cire, a danna auduga, a daren nan ta yi barci. Likitan da a gida rabin ranarsa ke tafiya wajen takardun inshora da haskaka haƙoran masu hali, a nan yake ganin amfanin hannunsa ido da ido. Duk mai imani, Kirista ko Musulmi, ya san abin da irin wannan ke yi wa zuciya.

Haɗarin yana cikin daɗin nan. Idan natsuwar baƙo ta zama ita ce manufa, sai a shiga lissafa nasara da yawan haƙoran da aka cire. Haƙorin da ciko zai cece shi sai a fizge shi, saboda ciko na cin lokaci kuma layi ya yi tsawo. Ramin da aka bari kan yi ciwo mai tsanani bayan kwana uku ko huɗu idan gudan jinin da ya toshe shi ya fita, a lokacin kuwa masu aikin sun kai gida. Akwai tawagogin da ke barin ɗalibi ya yi a bakin talaka abin da dokar ƙasarsa ba ta yarda ya yi ba sai da malami a kansa. Likitan garin ma, in akwai shi, yakan rasa masu zuwa, domin jama'a sun zauna jiran baƙin baɗi. Sannan ga hotunan yara baki buɗe ana yaɗawa a Facebook ba da yardar iyayensu ba. Addinan biyu duk sun yi kashedi a kan riya, kuma ibadar da ta bar wani cikin wahala akwai gyara a niyyarta.

Wani zai ce mai ciwon haƙori ba ruwansa da wannan dogon lissafi, da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa kwana da zugin haƙori ba zai raina sauƙin dare ɗaya ba. Sai dai zaɓin bai tsaya tsakanin zuwan mako ɗaya da rashin zuwa ba. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka samar da wata dabara a Tanzaniya ta kankare ruɓa da kayan hannu a cike ramin, ba injin haƙa, ba wutar lantarki, kuma ana iya koya wa ma'aikatan lafiya na karkara. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin cikon nan da man goge baki mai fulorayid cikin jerin magungunan dole. Ƙungiyar Mercy Ships, wadda Kiristoci suka kafa a 1978, ta ɗauki irin wannan hanya a Gini: bayan aikin jirgin ruwanta, ta haɗa kai da Jami'ar Gamal Abdel Nasser da ke Konakiri wajen horar da ɗaliban haƙori 'yan ƙasa. A Sakkwato ma, asibitin cutar Noma, wadda ke farawa daga kumburin dasashi ta cinye fuskar yaro mai tamowa, yana aiki tun 1999, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka shigo a 2014 sun tarar da shi ne suka ƙarfafa shi. Baƙon da ya koyar da mutum biyar ba zai ga hawayen godiya da yawa ba, amma ɗalibansa za su ci gaba da aiki shekaru bayan an manta sunansa.

Saura batun wa'azi, wanda shi ne ya fi damun jama'armu. Ba laifi ba ne mutum ya ce imaninsa ne ya kawo shi, ɓoye hakan ma ya fi muni. Iyakar ita ce kada magani ya zama sharaɗi ko tarko. Mutumin da ke kwance baki buɗe, allura a dasashinsa, ba shi da ikon cewa a'a, don haka kujerar likita ba wurin kira zuwa addini ba ce, ko wane addini ne. Hukumomin da ke karɓar baƙi su ke da alhakin tsare wannan. A Nijeriya likitan waje na buƙatar rajistar wucin gadi daga majalisar kula da likitoci da likitocin haƙori kafin ya taɓa majinyaci, kuma ya kamata ƙaramar hukuma ko masarautar da ta ba da masauki ta nemi ganin takardar, ta kuma tambayi sunan asibitin da zai duba waɗanda aka cire wa haƙori a makon da ke biye.